Fentin Daɓe da Sabunta Tsoffin Kayan Ɗaki

Fentin daɓe da sabunta tsoffin kayan ɗaki hanyoyi ne na gyara gida da kuɗi kaɗan, ana bin su a maimakon sa tayil ko sayen sabon gado da kujeru. A na farko ana shafa wa daɓen siminti fenti mai jure taku. A na biyu ana kankare tsohon fenti ko banish (man sheƙi da ake shafa wa katako) daga jikin kaya, a ɗaure abin da ya saki, a sake rufewa. Sharaɗin duka biyun ɗaya ne: fenti ba ya kama wuri sai ya same shi busasshe, babu maiƙo, da ɗan kaushi. Yawancin fentin da ke ɓarewa kafin shekara ta zagayo, tun daga shirin wurin aka samu matsala.

Ƙawata ƙasan ɗaki tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Mata kan taru su buga daɓe da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, daɓen ya yi ƙarfi ya yi ja-ja. Da siminti ya zo, magina suka riƙa barbaɗa garin jan kala a samansa tun yana ɗanye. A waɗannan biyun launin yana cikin jikin daɓen. Fenti kuwa a sama yake zama, shi ya sa yake iya ɓarewa.

Duba daɓe da shirya shi

Sabon siminti yana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin fenti ya taɓa shi. Bayan ruwan da ke cikinsa, yana da kaifi irin na ruwan toka, kuma idan fentin mai ya hau kansa haɗin da ake samu a sabulun salo ne yake faruwa: fentin ya yi laushi, ya yi danƙo, ya saki.

Tsohon daɓe ma ana gwada shi. A yanko leda mai kauri, kamar santimita 45 kowane gefe, a manna ta a ƙasa da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta awa 24. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, to danshi yana tasowa daga ƙasa, kuma zai tura fentin ya yi ƙuraje. Ya fi kyau a yi gwajin da damina, wajen watan Agusta, domin daɓen da ya bushe ƙayau da rani yana iya jiƙewa idan ruwa ya zauna. Ɗakin da ya faɗi wannan gwaji bai dace da fenti ba sai an magance inda ruwan yake fitowa.

Gwaji na biyu shi ne a ɗiga ruwa kaɗan a wurare da yawa. Idan daɓen ya shanye cikin minti ɗaya ko biyu, zai sha fenti. Idan ruwan ya tsaya dunƙule, akwai maiƙo, ko kuma magini ya goge saman har ya yi santsi. Maiƙo ana wanke shi da ruwan zafi da omo da buroshi mai tauri, kuma tabon manja ko baƙin mai yakan ɗauki wanki biyu ko uku. Gam ɗin da tsohuwar ledar ɗaki ta bari sai an kankare shi tas. Santsi kuwa ana karya shi da dutsen guga ko sanfefa mai lamba 60 (ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi). Masu sana'a kan yi amfani da asid ɗin wanke siminti, kashi 1 cikin ruwa kashi 10. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, domin yana iya tartsatsi. A sa safar hannu ta roba da tabarau, a buɗe tagogi, a bar shi ya yi kumfa minti 10, a ɗauraye sau uku, a jira kwana 2. Ruwan batir ba ya maye gurbinsa, farin gari yake bari wanda ke hana fenti kamawa.

Tsaga ana ɗan faɗaɗa bakinta da kurfi, a share, a jiƙa, a cike da siminti kashi 1 da yashi mai laushi kashi 3. Inda aka ƙwanƙwasa aka ji amon rami, saman ya rabu da ƙasa, sai a fasa a sake.

Irin fenti da yawansa

Fentin ruwa na bango ba ya zama a ƙasa, mofa da takalmi za su cinye shi cikin makonni. Wanda ake nema shi ne wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na daɓe ne. Akwai na akirilik da ake sirkawa da ruwa, mai saurin bushewa da ƙarancin wari, wanda ya ishi ɗakin kwana. Akwai na mai, mai sheƙi, wanda ke son tsohon siminti busasshe. Akwai kuma ifoksi mai gwangwani biyu da ake haɗawa, shi ne mafi ƙarko da tsada, ya dace da kicin da shago da gareji. Da zarar an haɗa shi yana fara daskarewa cikin kamar minti 30 zuwa 45, kuma zafi yana rage wannan lokaci sosai, saboda haka kaɗan-kaɗan ake haɗawa, a bi ma'aunin da kamfani ya rubuta babu ƙari babu ragi.

Lita 1 takan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafa ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe yana da kusan murabba'in mita 13, shafa biyu za ta ci kamar lita 3, wato galan ɗaya mai lita 4 ya wadatar har da ragowar gyara. Shafar farko ana sirka ta da kashi 10 cikin 100 na abin sirkin da gwangwani ya ambata don ta shiga ƙofofin siminti. A fara da buroshi a gindin bango, a bi tsakiya da rola, daga lungu mafi nisa zuwa ƙofa. Shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wadda samanta ke bushewa cikinta yana ɗanye, daga baya ta yamutse. Ana taka ɗakin bayan awa 24, a mayar da kaya bayan kwana 3, amma kada a wanke ko a shimfiɗa kafet sai mako ya cika. A barandar da ruwa ke taɓawa ana barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi busasshe a shafar farko don hana zamewa.

Da hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, da bazara daɓen da rana ta gasa yana busar da shi kafin ya kwanta, don haka safiya ta fi. Mai son ado yana iya jan zobe mai faɗin tafin hannu a gefen bango da wani launi, ko ya yi gida-gida irin na dara da salatif ɗin takarda, a cire shi kafin fentin ya gama bushewa don kada ya ɗauko baki.

Kayan katako

Abin da ake fara tantancewa shi ne ko kayan katako ne zalla, irin su maɗaci da loko, ko kuwa matsattsen garin katako ne da aka lulluɓe da fomika. Na farko yana jure kankara sau da yawa. Na biyu idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, kuma bai cancanci wahalar ba. Wasu kayan an manna musu siririn ɓawon katako mai kyau wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba, shi da hannu ake gogewa a hankali, inji yana huda shi nan take. A duba ƙananan ramuka masu zubar da gari, alamar ƙwaro na ci, da hanyar gara, da kuɗin cizo a mahaɗar gado. Ana shafa maganin katako irin su Solignum a ɓangarorin da ba a gani, a bar shi ya bushe sarai.

Gyara yana gaba da ado. Ƙafar kujera mai girgiɗi ana zare ta, a kankare tsohon gam, a sa farin gam na kafintoci, a ɗaure da robar tayar keke awa 24. Ƙara ƙusa a nan yakan tsaga katakon ne kawai. Ramin ƙusa ana cike shi da foti ko garin katako da aka kwaɓa da gam.

Sannan a cire mariƙai, a wanke maiƙon hannu da na man goge kaya, wanda idan ya rage yakan sa sabon fenti ya yi ƙananan idanu. Idan tsohon banish bai ɓare ba, guga da sanfefa 180 har sheƙin ya mutu ta isa. Idan ya farfashe, a fara da 80, a koma 120, a ƙare da 180 ko 220, kullum ana bin tsawon jijiyar katako. Gugar da ta gitta tana barin layuka waɗanda sai an sa banish suke bayyana. Katako mai kyau ya fi dacewa da banish, shafa 3, ana ɗan gogewa da 320 a tsakani. Wanda ya sha faci gara a yi masa fenti, bayan shafar andakot, wato fentin ƙasa da ake fara shafawa. Maɗaci yana fitar da ja ta cikin farin fentin ruwa, sai an fara toshe shi da andakot na mai. Sirki da kananzir yana hana bushewa da wuri, fetur kuma haɗarin gobara ne, abin da gwangwani ya ambata shi za a yi amfani da shi.

Gadon ƙarfe ana goge tsatsarsa da buroshin waya, a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar, sannan fentin mai shafa biyu.

Kariya

Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma, wadda ke illata ƙwaƙwalwar yara ko da kaɗan ce. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, amma a ƙasashe da dama an ci gaba da sayar da irinsa bayan haka. Kayan da ba a san asalin fentinsu ba a jiƙe ake goge su, a waje, da takunkumi, nesa da yara da masu juna biyu, kuma ba a ƙona fentin da wuta. Tsumman da ya sha man katako ko banish yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi, saboda haka a baza shi a fili ya bushe ko a tsoma shi cikin ruwa kafin a zubar.