Waiwaye: Neman kwal a Gombe da makomar ƙasar saman gona

Tun kafin a san da kwal ɗin ƙauyen Maiganga a jihar Gombe, arewacin Najeriya ta riga ta ɗanɗani abin da haƙar ma'adinai ke yi wa ƙasar noma. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dira tsaunukan Jos, waɗanda a lokacin ake lissafawa cikin lardin Bauchi, suna haƙar kuza. Babu wanda ya damu da ware ƙasar sama. Aka cakuɗa ta da laka da tsakuwa, aka bar tuddai da kududdufai da har yau suke cin rayukan mutane da dabbobi. Sai a 1946 dokar ma'adinai ta tilasta gyara wurin da aka ɓata. Da aka zo gyaran, an baje tuddai an shuka itatuwan turare, domin ƙasar da za ta ɗauki acca ko dawa ta riga ta salwanta.

Kwal kuwa a 1909 aka gano shi a Udi kusa da Inugu, aka soma haƙa a 1916. Ya yi tashe, sannan ya faɗi da jiragen ƙasa suka koma man dizal, yaƙin basasa kuma ya ƙarasa shi. Farfaɗowarsa a yankinmu ta biyo bayan buƙatar makamashi ta kamfanin simintin Ashaka, wanda ya buɗe mahaƙar Maiganga a ƙaramar hukumar Akko wajen 2007, har aka tashi ƙauyen zuwa sabon matsuguni.

Idon jama'a kan babban ramin haƙar kwal yake. Amma ɓarna tana farawa tun a matakin bincike, lokacin da ba a ma tabbatar akwai kwal ɗin kirki ba. Katafila za ta keta hanya cikin gonaki, ta share fili inda injin burtsatse zai tsaya, a tona ramin zuba ruwan laka na haƙa. Wuri ɗaya bai kai kadada ba, shi ya sa ake raina shi, alhali bincike ɗaya kan buƙaci ramuka da yawa. Ƙasar saman nan kuwa, wadda kaurinta bai cika wuce taki ɗaya ko biyu na hannu ba, a cikinta saiwoyi da irin ciyawa da ƙananan halittu suke, da duk takin da manomi ya yi shekaru yana kaiwa da jaki ko amalanke. In aka binne ta ƙarƙashin jar ƙasa, manyan motoci suka daddaɓe wurin, fako ne zai fito. Da ruwan Agusta ya sauka, ya bi sawun taya ya fara yanka kwari, kuma mutanen Gombe sun san inda zaizaya take kai gari.

Yadda ake tsare ƙasar sama ba ɓoyayye ba ne. A kankare ƙasar sama ita kaɗai, a tara ta gefe, tulin kada ya wuce kamar mita 2 don kada ta ruɓe daga ciki, a rufe ta da ciyawa saboda iska da ruwa. In an gama, a toshe ramin burtsatsen da siminti, domin kwal yakan zo da sinadarin da ke mayar da ruwa mai tsami, ya gurɓata rijiyoyi. Sannan a cike ramin laka, a farfasa inda ya daddaɓe, a mayar da ƙasar sama a ƙarshe, kafin damina. A Amurka tun 1977 doka ta wajabta ware ƙasar sama a mahaƙun kwal.

Mu ma ba mu rasa dokoki ba. Akwai ta tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, da dokar ma'adinai ta 2007 wadda ta ɗora wa mai lasisin bincike cike ramuka da biyan diyya, ta kuma kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Sai dai yarjejeniyar raya al'umma da dokar ta tanada tsakanin kamfani da mutanen yankin tana hawa kan mai lasisin haƙa ne, ba mai bincike ba. Wato a daidai lokacin da katafila ta fara shiga gona, manomi ba shi da irin wannan takarda da zai riƙe. Diyyar da dokar ta tanada kuwa ta ɓarnar da aka yi wa saman ƙasa ce da ta amfanin da ke tsaye, kamar masara ko wake.

A ganina nan ne dagatai da hakimai suke da aiki. Kafin injin ya sauka, a zauna da mai gona a rubuta inda za a tara ƙasar sama da ranar mayar da ita, kuma kada a sallami masu binciken sai mai gonar da malamin gona sun taka wurin sun sa hannu.