"Saura sutanansi": yaushe ne doka ke cewa an gama mastar?

Ranar da ƙanwata ta dawo Maraɗi bayan jarrabawar ƙarshe, Inna ta sa aka yanka zakaru biyu. Maƙwabta na ta shigowa barka, ana cewa malamar jardan, wato makarantar ƙananan yara, ta zama mai mastar. Ita kuwa tana bakin tabarma tana murmushin yaƙe. Da mutane suka watse ta ce, "Inna, ni fa ban ƙare ba, saura sutanansi." Inna ta aje ludayi ta dube ta. "Mi ne ne kuma sutanansi? Ba ke kika ce kin ci duka ba?" Tsakanin wannan rana da ranar da ta tsaya gaban malaman da suka yanke mata hukunci, sai da aka ga damina biyu.

Dukansu biyu gaskiya suka faɗa. Ta ci jarrabawa, amma a idon doka ba ta da digirin sai ta kare kundin bincikenta a gaban malamai, wato sutanansi.

Tsarin da jami'o'in Nijar ke bi sunansa LMD, wato lisansi, mastar, doktora. Daga Turai ya taso, bayan yarjejeniyar Bolonya ta 1999. Ƙasashen UEMOA masu kuɗin sefa suka amince da shi a 2007, Nijar ta kafa shi da dokar gwamnati a 2010, shekarar da aka ƙirƙiro jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram. A wannan tsari da kiredi ake auna karatu. Ba kiredin waya ba, ba kuma na mai kanti ba: awo ne na aikin ɗalibi, kiredi guda yana daidai da awa 20 zuwa 25, a haɗa zaman aji da bincike da karatun dare a gida. An raba shekara zango biyu, kowane zango kiredi 30. Lisansi zango shida ne bayan bak (jarrabawar gama sakandare), kiredi 180. Mastar zango huɗu a kan lisansi, kiredi 120. In ka buga lissafi, mastar na cin awa 2,400 zuwa 3,000. Macen da ke koyarwa da safe, ta yi girki da rana, ita ta san inda take tsinto waɗannan awoyi.

Yayyenmu da suka yi tsohon tsari suna da metiriz, shekara huɗu bayan bak, kuma digiri ce mai zaman kanta. Wannan ne ke rikita mutane har gobe. Wanda ya ci shekarar farko ta mastar, wadda ake cewa Mastar 1, yakan ɗauka ya riƙe wani abu kamar metiriz. Takardar sakamako zai samu, mai shaida cewa yana da kiredi 60. A tsarin LMD digiri uku ne kawai, babu na huɗu a tsakanin lisansi da mastar.

Akwai sauƙi biyu da tsarin ya zo da su, kuma ina ganin mata malamai sun fi kowa cin moriyarsu. Na farko, kiredin da ka ci ya zama naka. An tattara darussa rukuni-rukuni. In kika samu 10 bisa 20 a rukuni, kin mallaki kiredinsa. Ko haihuwa ta tsayar da ke, ko jinyar mahaifi, in kin dawo abin da kika faɗi kawai za ki sake. A da faɗuwa a matsakaicin makin shekara kan sa mutum ya maimaita shekarar. Na biyu, darasi na ɗaukar ɗan'uwansa: 8 a lissafin ƙididdiga da 13 a ilimin halayyar yara, in rukuninsu ɗaya kuma nauyinsu ɗaya, sun ba da 10 da rabi, an wuce. Wanda bai kai ba yana da zagaye na biyu, ratarafaj. Sai dai kowace jami'a na da nata ƙa'idojin cikin gida kan sau nawa ake sake rajista, kuma duk shekarar da aka shiga sai an biya kuɗinta. A nemi wannan takarda a karanta tun ranar farko.

Zango na huɗu shi ne inda akasari ake maƙalewa, domin mafi yawan kiredinsa na rataye ne a kan aikin gwaji da kundin bincike, memwar. Wanda ya ci zango uku lafiya lau yana da 90. Ragowar 30 ba sa cika sai an rubuta kundin, an kare shi a gaban juri, wato malaman da ke yanke hukunci. Wannan karewar ita ce sutanansi.

Ga mai nazarin tarbiyyar ƙananan yara, kundin na da wata wahala tasa. Dokar da ta tsara ilimi a Nijar, LOSEN, mai lamba 98-12 ta 1 ga Yunin 1998, ta sa karatun share fage cikin ilimin tushe, a gaban firamare, ga yara ƴan shekara uku zuwa biyar. Yaro ɗan shekara huɗu ba a miƙa masa takardar tambayoyi ya cike. Sai an zauna an kalle shi. Ƙanwata ta yi makonni tana zama a kan ƴar kujerar yara a bayan aji, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓa, littafi a cinya, tana rubuta wa ya yi magana, da wane harshe, sau nawa. Madan, malamar ajin, ta ɗaga hoton akuya ta faɗi sunanta da Faransanci, aji ya amsa baki ɗaya, sai wani ɗan ƙarami ya juyo ya raɗa wa na kusa da shi, "Akuyarmu ta fi wagga ƙiba." Wannan raɗa ita ce abin da take nema, kuma sai ta juya ta zuwa Faransanci kafin ta shiga kundi. LOSEN kanta ta ce harshen uwa ne harshen koyarwa a matakin farko na firamare, kundin tsarin Rafondasiyo na Maris 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Abin da ake yi a cikin aji daban ne da abin da ke kan takarda, shi ya sa batun ke da daɗin bincike.

Abin da ya cinye mata lokaci shi ne kalanda. Kafin takardar izinin shiga makarantu ta fito daga wajen masu duba makarantu, Yuni ya yi, an kulle jardan, yara sun tafi hutu sai Oktoba. Wata uku babu yaron da za a kalla. Malamin da ke duba aikinta kuwa ɗalibai sun yi masa yawa. Babi guda kan kwana wata biyu a hannunsa. Ba ta da yadda za ta yi, don ƙa'ida ta ce ba a kai kundi gaban juri sai da sa hannunsa.

Ranar sutanansi a buɗe take, kowa na iya shiga. Juri galibi mutum uku ne ko fiye, da shugaba, da wanda ya yi bitar kundin, da malamin ɗalibi. Ta yi bayani kamar minti ashirin, suka yi mata ruwan tambayoyi, aka fitar da mu waje, aka dawo da mu, kowa ya miƙe tsaye aka karanta maki. Daga 10 an ci, daga 12 da ɗan dama, daga 14 da kyau, daga 16 da kyau ƙwarai. Ko a nan ma da saura: sai an yi gyare-gyaren da juri ya nema an ajiye kwafin ƙarshe, sannan a ba da atastasiyo, takardar shaidar wucin gadi. Ainihin digirin daga baya yake fitowa.

Kafin a biya ko dala a wata makaranta, musamman mai zaman kanta, a tambaya ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da wannan fanni nata, ba da makarantar kawai ba. A tambaya kuma ko CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka, ta san da digirin. Ita wannan hukuma a Yamai aka haife ta a 1968, mazauninta Wagadugu, kuma ita ke sa takardar wata ƙasa ta yi daraja a sauran ƙasashen da ke cikinta. Mu mutanen Maraɗi Katsina ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, da yawa ta Ɗan Isa da Jibiya suke bi su yi karatu. Najeriya ba ta cikin CAMES, tsarinta ma daban, digirin farko shekara huɗu ne. Wanda ya dawo da mastar daga can sai ya nemi takardar daidaita digiri a Yamai kafin ya shiga konkur, wato jarrabawar gasa, da ita.

Da muka dawo gida Inna ta yi tambayar da kowa ke yi: "To, yanzu sai su ƙara miki albashi?" Ba kai tsaye ba. Ma'aikacin gwamnati da ke son digiri ya ɗaga masa matsayi, ya kamata tun farko ya tafi karatun da izinin hukuma a rubuce, in ya dawo ya kai takardu a sake masa mataki. Ɗan kwantaragi kuwa sai an ɗauke shi aikin dindindin tukuna. Masu son zama sufeto ko mai ba malamai shawara, hanyarsu konkur ce zuwa ENS, babbar makarantar horar da malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni.

Ƙanwata ta yi kwafi biyar na atastasiyon, ta kai aka buga musu hatimi, ta haɗa dosiye ta miƙa. Ta asalin kuma Inna ta karɓe, ta naɗe a leda, ta sa a ƙasan akwatin da take ajiye zannuwan Sallah.