Takardar likita a Ingila: wadda ake biya da wadda kyauta ce

'Yan uwa mazauna Ingila, musamman waɗanda suka zo karatu ko aikin kula da tsofaffi a 'yan shekarun nan, akwai ƙorafin da ba ya ƙarewa a kunnenmu mu ma'aikatan lafiya na cikin al'umma. Mutum zai je wajen likitan iyali, wanda a nan ake ce wa GP, a duba shi ba ko sisi, amma da ya nemi a rubuta masa wasiƙa ko a cike masa fom sai a ce ya kawo kuɗi. Rai ya ɓaci. Ya ce ai tun wajen neman biza ya biya kuɗin lafiya, fam 1,035 na kowace shekara, ko fam 776 in ɗalibi ne. To wannan kuma na mene ne?

Tun da aka kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, yawancin likitocin iyali ba ma'aikatan gwamnati ba ne kai tsaye. Kwangila suke yi da ita, kuma daga kuɗin kwangilar suke biyan ma'aikatansu da sauran hidimomin wurin. Kwangilar ta ɗauki duba mara lafiya, rubuta magani da tura shi babban asibiti. Ba ta ɗauki rahoton kamfanin inshora ba, ko wasiƙar cewa kana da lafiyar hawa jirgi, ko gwajin direban babbar mota. Waɗannan aiki ne na gefe, kowane asibitin GP shi ke yanka farashinsa, shi ya sa za ka ji na wata unguwa ya sha bamban da na wata. Kuma masu cewa "ai sa hannu ne kawai" su yi haƙuri. Kafin likita ya sa hannu dole ya karanta tarihin jinyarka, domin in ya tabbatar da abin da ba gaskiya ba, hukumar da ke kula da likitoci ta GMC za ta tuhume shi, har lasisinsa na iya tafiya.

Wannan duk na yarda da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne mai ƙaramin ƙarfi da zai ƙuntata wa iyalinsa ya biya kuɗin takardar da doka ta ce kyauta ce, ko wadda ma babu wanda ya buƙace ta.

Mu fara da hutun rashin lafiya, tunda shi ya fi yawa. In ciwo ya hana ka aiki kwana 7 ko ƙasa da haka, har da Asabar da Lahadi a lissafin, ba ka buƙatar takardar likita. Kai da kanka za ka cike fom ka shaida wa wurin aikinka cewa ba ka da lafiya. Sai an wuce kwana 7 ake neman takardar da suke kira "fit note", ita kuwa kyauta ce. Tun watan Yulin 2022 ma ba likita kaɗai ke iya bayar da ita ba. Ma'aikacin jinya, ko mai harhaɗa magunguna, ko mai gashin ƙashi da ke kula da jinyarka zai iya. Idan shugabanka a wurin aiki ya dage sai ka kawo takarda kan hutun kwana uku, likita na da damar karɓar kuɗi, amma ka faɗa wa shugaban cikin ladabi cewa tunda shi ya nema, shi ya kamata ya biya. Masu aikin kula da tsofaffi da bizarsu ke ɗaure da kamfani sukan ji tsoron buɗe baki, na san da haka, amma tambaya ba laifi ba ce.

Mai juna biyu, takardar MAT B1 da za ki kai wurin aiki don hutun haihuwa kyauta ce. Ungozoma ko likita ke ba da ita idan saura mako 20 ko ƙasa da haka ki haihu.

Akwai wasu biyu da nake so a yaɗa su, don masu buƙatarsu su ne suka fi kowa yin shiru. Wanda bashi ya yi wa katutu kuma yake fama da ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa, akwai fom da likita ke cikewa a kai wa masu bin bashin don su sassauta masa. Tun 2019 an hana likitocin iyali a Ingila karɓar kuɗi a kansa. Haka wadda ake duka ko ake cutarwa a gidan aure, in tana neman wasiƙar shaida don gwamnati ta taimaka mata da kuɗin lauya, dokar yaƙi da cin zarafi a cikin gida ta 2021 ta hana a caje ta. 'Yar uwa, in kina cikin wannan hali, kada tunanin kuɗi ya hana ki zuwa.

Sai takardun da mutane ke saye alhali da wata hanya. Bayanan jinyarka haƙƙinka ne. Kana iya neman kwafinsu kyauta, kuma bisa doka ana ba ka cikin wata ɗaya. Da yawansu ma suna cikin manhajar NHS App a wayarka: sunan ciwon, magungunan da kake sha, wasiƙun asibiti. Sau da yawa wannan ya ishi jami'a ko ofishin gidaje. Masu neman tallafin naƙasa na PIP, ma'aikatar ayyuka da fansho ta DWP, wadda ke biyan tallafin, ba ta ce ku sayi wasiƙa ba. Ku aika da takardun da ke hannunku, in tana son ƙarin bayani ita za ta tuntuɓi likitan. Makarantun yara kuma, ƙa'idar ma'aikatar ilimi ita ce kada su riƙa neman shaidar likita kan kowane zazzaɓi ko mura. Matambayi ba ya ɓata: kafin ka je wajen GP, ka tambayi wanda ya aiko ka ainihin abin da yake so ya gani, kuma in zai yiwu ya rubuta maka.

Inda biya ya zama dole, a nemi farashi da ranar karɓa tun kafin a fara, a karɓi rasiti, kuma a nema da wuri domin marasa lafiya ake fara dubawa kafin takardu. Mai neman lasisin tuƙa bas ko babbar mota, fom ɗin gwajin lafiya na D4 ba lallai sai likitanka ne zai cike ba. Kowane likita mai rajista zai iya, don haka ka kwatanta farashi. Maniyyata aikin Hajji da Umara su ma su sa kuɗin allurar sanƙarau da takardar shaidarta a lissafi, don yawanci biya ake yi. In aljihu ya yi nauyi, ka nemi ganin manajan asibitin ka faɗa masa halin da kake ciki. Wasu na ragewa.

Idan kamfanin inshora ko wurin aikinka ne ke neman rahoto a kanka daga likitanka, ba a rubutawa sai da yardarka. Dokar rahoton likita ta 1988 ta ba ka damar ka ce kana so ka gani kafin a aika, kana da kwana 21 ka shirya ganinsa, kuma in ka ga kuskure ka nemi a gyara. Wanda aka karɓi kuɗinsa kan takardar da ya kamata ta zama kyauta, ya rubuta wa manajan asibitin ya nemi a mayar masa. In ba a saurare shi ba, ofishin ba da shawara na Citizens Advice ko na sauraron koken marasa lafiya, Healthwatch, na yankinsa za su nuna masa inda zai kai ƙorafi, kuma ba sa karɓar kuɗi.