Hukumar Wasannin Makafi ta Duniya

Hukumar Wasannin Makafi ta Duniya, wadda aka fi sani da IBSA, ita ce ke shimfiɗa dokoki da shirya manyan gasanni ga 'yan wasa makafi da masu raunin gani. An kafa ta a birnin Paris na Faransa a shekarar 1981, hedikwatarta kuma tana Bonn ta Jamus, garin da kwamitin Olamfik na nakasassu yake. Wasanni uku take riƙe da ragamarsu a gasar Olamfik ta nakasassu: golbol (wasan mirgina ƙwallo mai ƙararrawa zuwa raga), ƙwallon ƙafa ta makafi da judo.

Tarihi

Wasan golbol ya girmi hukumar nesa ba kusa ba. A 1946 wasu mutum biyu, Hanz Lorenzen ɗan Austriya da Sepp Reindle Bajamushe, suka ƙirƙiro shi domin sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Biyu. Da farko hanyar jinya ce kawai, daga baya ya zama gasa. Makafi sun fara shiga Olamfik ta nakasassu a Toronto a 1976, bayan shekara biyu kuma aka yi gasar golbol ta duniya karo na farko a Austriya. Judo ta shigo a 1988 a Koriya ta Kudu, maza zalla, mata sai 2004.

Ƙwallon ƙafa ta daɗe ana buga ta a makarantun makafi na Burazil da Sifaniya kafin hukumar ta karɓe ta wajen 1996. Tun da aka sa ta cikin Olamfik a 2004, Burazil ce ke lashe zinare, har sai da Faransa ta doke Ajantina da bugun fenareti a 2024.

Yadda ake bugawa

Filin golbol mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi, raga kuma ta cinye faɗin filin duka. Mutum uku-uku ne, kowa da ƙyallen rufe ido, ko da yana ɗan gani. Ƙwallon tana da nauyin kilo 1.25, da ƙararrawa a ciki, ana mirgina ta da hannu, masu tsaro su zube ƙasa su tare da jiki. An sa igiya ƙarƙashin layukan filin don ɗan wasa ya lalubi matsayinsa. 'Yan kallo kuwa dole su yi tsit sai an ci.

A ƙwallon ƙafa mutum biyar ne, mai tsaron gida kaɗai ke gani. Mai zuwa ƙwace ƙwallo sai ya ce "voy", wato "ina zuwa" da Sifaniyanci, da ƙarfi, in ya yi shiru an busa masa laifi.

Rabe-raben gani

An daɗe ana raba 'yan wasa gida uku, B1, B2 da B3, daga wanda ba ya gani sam zuwa mai ɗan saura. Judo ta koma gida biyu a 2022. Ana yawan taƙaddama kan sahihancin gwajin idon.

Najeriya, Bauchi da Gombe

Inugu ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon makafi ta Afirka a 2019, Maroko ta ɗauki kofin. Hukumar da ƙungiyoyin ƙasa take hulɗa, ba da jihohi ba, don haka matashi daga Bauchi ko Gombe sai ya bi ta ƙungiyar ƙasa ta Najeriya. Makafin garuruwan nan suna da tsohon tsarinsu ƙarƙashin Sarkin Makafi, sai dai harkar wasanni ba ta nan ta biyo ba. Golbol na bukatar rufaffen zaure marar hayaniya. Inda ƙwallo mai ƙararrawa ta yi wuya, akan ɗaure ƙwallon da aka saba amfani da ita cikin leda, a bi sautinta.