Ƙirinjijiya a gonar shinkafa: hanyoyin kare amfani ba tare da guba ba

Duk manomin da ke noma shinkafa a bakin fadama ya san kukan ƙirinjijiya, wato fito sau uku a jere da ake ji idan garkenta ya ratsa sama da almuru ko da asuba. Agwagwar ruwa ce mai farar fuska da baƙar ƙeya da jan ƙirji, wuyanta da ƙafafunta dogaye. Ana samunta a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, da tsibirin Madagaska, da Kudancin Amurka, kuma da rani tana taruwa dubbai a wurare irin su Tafkin Chadi da fadamar Hadeja-Nguru.

Abin da ya kamata manomi ya fara riƙewa shi ne da dare take kiwo. Yini take yi tana hutawa a bakin ruwa, abokan zama suna gyara wa juna gashin kai da wuya, sai duhu ya yi ta tashi neman 'ya'yan ciyawa da na bado. Idan ta tarar da irin shinkafa da aka watsa cikin ruwa marar zurfi, to ta sami abinci a sauƙaƙe. Saboda haka wanda ya yini yana gadi, sannan ya koma gida da magariba, ya bar gonarsa ne a daidai lokacin da ɓarnar za ta fara. Tana kuma son sauka inda ta hangi ruwa a buɗe, shi ya sa gonar da ba a daidaita ƙasarta ba, mai kwari-kwarin da shuka ba ta fito ba, ta fi jawo ta. A daidaita ƙasa, a cike gurabe, a yi dashe maimakon watsi in da hali, maƙwabta su yi shuka lokaci guda su raba gadin dare a tsakaninsu.

Abin da muke roƙon jama'a su bari shi ne jiƙa hatsi da maganin ƙwari a zuba wa tsuntsaye. Gubar ba ta tsayawa a kan ƙirinjijiya kaɗai: tana shiga ruwan da dabbobi ke sha, tana kashe kifi, kuma wanda ya ci naman tsuntsuwar da ta mutu ta wannan hanya ya jefa kansa da iyalinsa cikin haɗari.

Da damina take hayayyafa. Tana yin sheƙa a ƙasa cikin doguwar ciyawa kusa da ruwa, namiji da mace suna karɓa-karɓa wajen kwanci na kwana 26 zuwa 28, kuma 'ya'yan ba sa iya tashi sai sun kai kimanin wata biyu. Kwashe ƙwai ko kama iyaye a wannan lokaci yana hallaka zuriyar shekara guda, don haka a bar sheƙar da aka tarar yadda take.

Akwai kuma batun murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2006. Agwagin daji na iya ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da alamar ciwo ba. Kada a bar kaji da agwagin gida su sha ruwa inda garken daji ke sauka, kada a kawo wadda aka kama da rai cikin kajin gida, idan kuma aka ga tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin ruwa, kada a taɓa su da hannu, a hanzarta sanar da ma'aikacin lafiyar dabbobi mafi kusa.