Ginin Jimla da Ire-iren Ganga a Turancin Ingilishi

Ginin jimla a Turancin Ingilishi ya dogara ne a kan jerin kalmomi: aikau (mai yin aiki) a gaba, aikatau (kalmar aiki) ya biyo shi, karɓau (wanda aka yi wa aikin) ya zo daga baya. A "The dog bit the boy", kare ne ya ciji yaro. Da zarar an musanya wa sunayen biyu gurbi, yaro ne mai cizon. Ba haka abin yake ba tun asali. Tsohon Ingilishi yana da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma, masu nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa, amma yawancinsu sun zube a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar da Normandawa na arewacin Faransa suka yi wa Ingila a 1066, sai nauyin ya koma kan jeri.

Ganga shi ne rukunin kalmomi mai aikau da aikatau. Tsayayye yana iya zama jimla shi kaɗai, kamar "She laughed". Dogarau kuwa sai ya jingina da wani. Wanda ya ce "because she was tired" ya yi shiru, ya bar mai sauraro yana jiran sauran magana. Irin wannan ganga yakan fara da "because", "although", "if" ko "when", kuma yana iya yin aikin suna, sifa ko bayanau.

Bisa yawan ganga da irinsu ake rarraba jimloli gida huɗu. Sassauƙa tana da tsayayye ɗaya. Harɗaɗɗiya tana da biyu ko fiye, an ɗaure su da mahaɗi irin "and", "but" ko "or". Sarƙaƙƙiya tsayayye ne da dogarau aƙalla ɗaya, ta huɗun kuma ta haɗa siffofin biyun ƙarshe.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ganga mai aikin sifa, wanda ke farawa da "who", "which" ko "that", domin a nan waƙafi ba ado ba ne. "My brother who lives in London is a doctor" tana nuna mai maganar yana da 'yan'uwa maza da dama, na Landan ɗin yake nufi. Idan aka sa waƙafi kafin "who" da bayan "London", ɗan'uwan ɗaya ne tal, zamansa a Landan ƙarin bayani ne kawai. A daidaitaccen rubutu ba a fara irin wannan ƙarin bayani da "that".