Daɗewa a wuta ba ta ƙara wa shayi daɗi

Mun taso muna jin cewa sai ganyen shayi ya daɗe yana tafasa, ya yi baƙi wuluk, sannan zai yi daɗi. Launin ne ke ruɗin ido.

Ƙamshin ganye da wuri yake fita. Abin da ke ƙaruwa daga baya sinadarin tanin ne, mai bauri da ɗaci, shi ke sa mu yi ta ɗura sukari. Baƙin shayi minti 3 zuwa 5 ya ishe shi. Koren kuwa, wanda na fi so, ba ya son tafasasshen ruwa, sai ya ɗan huce.

Ku gwada da kofi biyu, ganye daidai: ɗaya minti 4, ɗaya minti 10, ku ɗanɗana ba sukari.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.